Muryar Mutumin Anka

Gummi, Laraba 13 ga Muharram

Zuwa ga bawana Lirwanu ɗan Gwaggo Turai, babban likitan Anka wanda ko allura ba a yarda ya yi ba sai awon jinin yara.

Bayan sallama, ina gaishe ka da aiki da ruwa, ina gaida iyalinka. Mu nan lafiya lau, gero ya kai gwiwa. Sai dai Gwaggo da idon nan nata, yanzu ko ƙofar ɗakinta sai ta lalaba.

Tunda ka toshe lambata, ga shi na koma ga tawada da alƙalami. Jamilu direba zai kawo maka. Ka san hannuna tun makarantar allo, ba sai na sa suna ba.

Wai duk fushin ga a kan zakara ɗaya? Bari in faɗa maka yadda anka yi, don na san Hidaya matar Yaya Tasi'u ta kai maka labarin da gishiri. Ranar cika-ciki na duba na ga shekara biyu ba ka zo gida ba, balle in ci abin taubashi a hannunka. To akwai manhajar da abokina mai gyaran waya ya sa mini, in ka ba ta muryar mutum sai ta faɗi abin da kake so da muryarsa. Na tattara saƙonnin da kake turo mini kana yi mini wa'azin in bar yawo, na ba ta. Na ce ta ce a ba Makau jan zakaran nan naka ya yanka. Wallahi har ɗan tarin da kake yi kafin magana ta yi. Na kunna wa Gwaggo, ta ce tunda mai abu ya ce, a kama. Munka gasa shi bakin gulbi mu biyar. Tsoho ne, sai da muƙamuƙi ya gaji, ba ka yi wata hasara ba.

Laifina ɗaya, ban iya riƙe dariya. Da la'asar na gaya wa Gwaggo gaskiya, har na sa muryarka ta ce Makau ya fi ka kyau da hankali. Na zaci za ta biyo ni da muciya kamar kullum. Sai ta sa na sake kunnawa har sau uku, sannan ta tambaye ni ko abin ga zai iya faɗin kome da kome. Na ce kome. Ta kwance wayarta daga bakin zane ta miƙa wa Hidaya, ta ce a kai ta inda ba za ta ji kukanta ba.

Kwana biyu za ta huce. Kai ma ka huce. Wasan ɗan namiji da ɗan mace ba mu munka fara shi ba, kuma kai ne ka zuba mini barkono a fura shekarar da munka yi sauka, ban toshe ka ba.

Ubangidanka,
Makau

Anka, Juma'a 15 ga Muharram

Makau,

Na amsa sallamarka. Muna lafiya. Ka gaida Yaya Tasi'u da Hidaya.

Ka cinye kajin gidan gaba ɗaya in ka ga dama, ba abin da ya dame ni ke nan ba. Ka karanta wannan a hankali, in kana da shi.

Likitocin ido za su sauka nan Anka ranar Litinin, su tashi Asabar. Suna cire yanar ido. Wata huɗu ina bin mai rubuta sunaye kafin sunan Gwaggo ya shiga, kuma ba wanda ya san ko za su dawo baɗi. Wanda ya duba ta bara ya ce idan aka ƙara jinkiri, akwai ranar da ko an yi aikin ba zai yi amfani ba. Niyyata in kira ta ranar Litinin ɗin da ta wuce in gaya mata ta shirya, Jamilu ya ɗauko ta. Kai kuma ka riga ni da kwana ɗaya.

Na kira wayar Hidaya jiya da shekaranjiya, na ce ta kanga mata a kunne. Ina jin ta tana cewa a janye abin nan daga kanta. Ta ce abin da ya iya roƙon zakara da muryar mutum zai iya kiran mutum zuwa daji, ita ba za ta shiga mota ta bi hanyar Bukkuyum a kan maganar waya ba. Ka gaya mini inda ta yi kuskure. Ka san abin da ake yi a hanyar nan, ka san mutane nawa aka kira da waya suka fita ba su dawo ba.

Matar da ba ta gani, kunnenta ne ya rage mata. Da shi take sanin wanda ya shigo, da shi take sanin ina raye. Shi ka je ka yi wasa da shi don ka ci nama da 'yan iskan abokanka, sannan ka rubuto mini zancen barkono a fura. Barkono a bakinka ya tsaya.

Ga wata takarda nan a ciki, ta Gwaggo ce, da boko na rubuta. Ka ba Hidaya ta karanta mata. Kada ka buɗe, kada ka tsaya a wurin, kada ka sa baki. Idan ta yarda, Jamilu zai zo da ita Talata da safe.

Lirwanu

Gummi, Lahadi 17 ga Muharram

Lirwanu,

Sallama. Lafiya muke, an yi ruwa jiya har ya ci katangar bayan gida. Na ji zagin, na haɗiye, don ban san da zancen likitoci ba. Da na sani da ban taɓa ba, Allah shi ne shaida.

Amma yanzu kai za ka ji nawa. Wa ya rubuta takardar Gwaggo?

Ban buɗe ba, amma na tsaya, don gidanmu ne. Hidaya ta fara karantawa, sai na ji: "Zuwa ga Innata abar ƙaunata, hasken rayuwata." Hidaya kanta sai da ta tsaya ta juya takardar ta duba baya ko ba tamu ba ce. Ta ci gaba. Wai kullum kana kwana kana tashi da kewar murmushinta. Wai kana fahimtar damuwarta kuma damuwarta tana da muhimmanci. Wai ɗanki Lirwanu mai alfahari da ke.

Kai, bawan Allah. Kai ɗan fari ne. Tun da anka yaye ka anka kai ka ɗakin Kaka, matar ga ba ta taɓa kama sunanka ba, mutumin Anka take ce maka, kafin nan wancan yaron. Kai ma Gwaggo kake ce mata kamar mu, ko sau ɗaya ban ji Inna a bakinka ba. In kun haɗu a tsakar gida kai ka dubi rumbu ita ta dubi turmi. Yau kuma kai ne da hasken rayuwata?

Ba ta bari an kai ƙarshe ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce: "Wanda nih haifa ba shi faɗin wagga magana. Ku ƙone ta." Ta ce da ta zaci waya kawai anka shiga, ashe har takarda. Tun jiya in an yi sallama a ƙofar gida sai ta sa an je an duba fuska.

Ni ban yi boko ba amma ba jaki ba ne. Na ɗauki wayata na yi wa aljanin naku magana, wanda rediyo ke kira ƙirƙirarriyar basira. Na ce rubuta wa mahaifiyata wasiƙa ta zo a yi mata aikin ido. Ta karanto mini. Hasken rayuwata na nan, murmushi na nan, har damuwarki tana da muhimmanci. Na yi dariya har na zauna ƙasa, sannan na ji kamar in fasa wayar.

Wato ni na ari bakinka na yi wasa sau ɗaya, na zama ɗan iska. Kai ka ba ta bakinka da hannunka ta yi wa uwarka magana a kan idonta, kana nan malamin lafiya. Ko karantawa ka yi kafin ka kwafe? In ka karanta ka aiko, to ba ka san Gwaggo ba. In ba ka karanta ba, ka fi ni rashin kunya.

Jamilu na tashi da sassafe. Ka amsa mini gobe.

Makau

Anka, Litinin 18 ga Muharram

Makau,

Na samu takardarka. Muna lafiya, likitocin sun sauka yau, layi har bakin titi.

E, basirar nan ce ta rubuta. Ba zan ɓoye ba. Na zauna da biro fiye da awa ɗaya ban wuce "Gwaggo ina kwana" ba. Shekara talatin da huɗu ban taɓa yi mata maganar da ta wuce gaisuwa da aike ba. Ka taɓa gwada lallashin mutumin da ba a koya maka ka dube shi ba? Kai kana shiga ɗakinta ka kwanta a gadonta ka cinye mata goro. Ni ko bakin ƙofar ban taɓa wucewa ba. A wurin aiki da ita nake rubuta rahoto, da ita nake shirya abin da zan gaya wa iyayen yara, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sai na ce ta taimake ni.

Kuma kada ka haɗa ni da kai. Kai ƙarya ka sa a bakina. Abin da ke cikin takardar nan babu ƙarya ko ɗaya, ban taɓa faɗa ba ne kawai. Idan mutum ya je wurin mai rubutu a bakin kasuwa ya tsara masa magana, wasiƙar ta mai rubutu ce ko ta mai aike? Na karanta kafin in kwafe. Na ga ta yi nauyi, amma na ce wataƙila abin da ya kamata a ce na iya faɗa ke nan.

Ba zan iya zuwa ba. Gobe zan shiga ƙauyen Abare, akwai yara arba'in da za a sake auna musu dalma a jini, abokin aikina matarsa ta haihu, ni kaɗai ne. Sai Alhamis da yamma zan fito, kuma can waya ba ta kamawa sai an hau tudu.

Na tambayi basirar yadda ake shawo kan tsohuwa mai tsoron tafiya. Ta ba da shawarwari, na kwafe su a bayan takardar nan da ajami don ka iya karantawa. Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ka sa ta a mota kafin Alhamis.

Lirwanu

Gummi, Laraba 20 ga Muharram

Lirwanu,

Sallama a taƙaice. Ba mu lafiya. Motar Jamilu ta mutu a Bukkuyum, takardarka ta kwana biyu a aljihunsa, sai yau da hantsi ta iso. Wagga kuma wani mai kai albasa Anka na ba, na roƙe shi ya bar ta wurin aikinku.

Na juya bayan takardar na karanta hikimar malamarka. Wai in nuna wa Gwaggo hotunan likitocin don hankalinta ya kwanta. Wai in haɗa ku kiran bidiyo ta ga fuskarka. Ta ga fuskarka da mi? Ko ka manta ka gaya wa malamar taka dalilin tafiyar? Ita ba ta da laifi, abin da ka ba ta shi ta dafa. Kai da ka kwafe da hannunka, harafi harafi, ba inda hannun ya tsaya?

Zancen mai rubutu na bakin kasuwa kuma, mai rubutu ɗan gari ne. Da ka ce masa ɗan fari ne ke aika wa uwa tasa, da ya san inda zai tsaya, ko ya kore ka. Ka ce abin da ke ciki gaskiya ne. To gaskiyar ta isa? Gwaggo ta ji ta ta ce a ƙone.

Jiya ta tashi ɗibar kunu ba ta kira kowa ba, don yanzu ba ta son a taimake ta. Ta sa hannu cikin tukunya. Yatsu uku sun tashi. Hidaya ta shafa mata magani ta ɗaure.

Na durƙusa gabanta na ce ni na yi ƙaryar farko, amma zancen likitoci gaskiya ne, in ta so a ɗauko Alƙur'ani in dafa. Ka san mi ta ce? Ta ce ba sai na dafa ba, ta yarda yanzu ba ƙarya nake yi ba. Sannan ta ce: "Kai ka gan shi?" Na ce na ga rubutunsa. Ta ce ita ma ai ta ji muryarsa.

Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba tun daga tashar Gummi har bakin gulbi, na tashi na fita kamar an watsa mini ruwa. Na yi tunanin in ce mata biki za mu Bukkuyum wurin Kawu, in mota ta tashi sai Anka. Na kai har ƙofar ɗakinta na dawo. Na gaji da yi mata dabara.

Yara arba'in na da iyayensu, kuma dalma ba ta gudu kafin Litinin. Likitoci su ne ke tashi Asabar. Ba murya, ba takarda, ba ni, ba Hidaya. In ka fito Abare ka hau duk abin da ka samu ka zo da ƙafarka. In ba ka zo ba, ni na fara makantar da ita kai ka ƙarasa, kuma haka zan faɗa wa duk wanda ya tambaya har in mutu.

Makau

Gummi, Asabar 23 ga Muharram

Zuwa ga Lirwanu, wanda ya shigo gidanmu jiya da laka har gwiwa bai ko dube ni ba.

Sallama. Ina fata kun isa lafiya kuma kun samu layi. Tun da motarku ta tashi ban iya cin abinci ba, Hidaya ta ce wanga shi ne abin mamaki na biyu da ta gani a mako ɗaya.

Ka zaci ba kowa a tsakar gida lokacin da ka durƙusa gaban Gwaggo. Ina bayan rumbu. Na ji ka yi gaisuwa ba ta amsa ba, na ji ka sake. Na ga ta ce ka matso, ka matsa kamar mai shiga ramin kura, ta ce ka ƙara. Na ga ta ɗaga hannun da bai ƙone ba ta lalabi kanka ta gangara bayan kunnen hagu ta tsaya. Kai kuma kana kallon ƙasa, gumi na zuba, babban ma'aikaci. Da wani lokaci ne da na yi shekara ina ba da labarinka a tasha.

Ga abin da ba ka sani ba. Da ka fita neman mota, Hidaya na haɗa mata kaya, ta tambaye ta mi ta taɓa. Gwaggo ta ce tabo ne, kana wata bakwai ka zame daga goyo ka faɗa kan bakin fartanya, ita ta danne wurin da zanenta har jinin ya tsaya. Ta ce tun da anka ɗauke ka ba ta sake sa hannu a kanka ba sai jiya, kuma ba don mu biyu mun rasa hankali ba da har ta mutu ba ta yi wagga rashin kunya ba. Da fushi ta faɗa, kada ka ɗauka yabo ne.

Na ɗauko mata jaka zuwa mota ta ce in ajiye. Na ajiye.

Ka rubuto mini yadda anka yi. In ba ka son rubuto mini, ka rubuta wa Yaya Tasi'u, zan laɓe in ji.

Makau

Anka, Litinin 25 ga Muharram

Makau,

Sallama. Muna lafiya.

An yi wa Gwaggo aikin ranar Asabar, ita ce ta uku daga ƙarshe. Ido ɗaya, na dama. Sun ce da ta zo farkon mako da sun duba yiwuwar na hagun kafin su tashi. Yanzu sai in sun dawo, in kuma bai wuce gyara ba. Wannan ni da kai za mu ɗauka, kowa ya san rabonsa.

Jiya da safe aka cire auduga. Ta daɗe tana ƙifta ido. Ta ga matata, ta ga yaran ta kira kowa da sunansa, ta ce ƙaramin ya yi baƙi. Ina tsaye jikin ƙofa. Ta dube ni sau ɗaya daga sama har ƙasa, sannan ta juya ta dubi bango ta ce wa matata a gaya wa mutumin nan ya rame.

Na ce mata ka aiko takarda kana tambaya, kuma kana neman gafara. Ba ka rubuta haka ba amma na faɗa. Ta ce kada ka rubuto, kada ka aiko kowa. Za ta kwana goma nan kafin a sake duba idon. Ta ce ka shigo mota ka biyo hanyar da ta biyo, ka zo ka tsaya ta gefen dama inda take gani, tana son ta ga bakin lokacin da yake roƙo.

Jamilu na tashi Laraba da sassafe.

Lirwanu